Ciwon hanta nau'in B: yaushe ake fara shan magani?

Ba duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B ne ke buƙatar magani nan take ba. Muna duba jini don mu san yawan ƙwayar cutar, da ko hanta ta fara lalacewa. Muna kuma yin gwajin ƙanjamau kafin a fara. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara yawan waɗanda suka cancanci magani, don haka wanda aka ce masa ya jira a baya, ya dawo mu sake duba shi.

Maganin, irin su tenofovir, ƙwaya ɗaya ce kullum. Yana danne cutar amma ba ya kawar da ita, kuma galibi ana shan sa har ƙarshen rayuwa. Dainawa kwatsam na iya sa ciwon ya taso da tsanani. Saboda haka idan kuna shirin komawa gida ko ƙaura, ku faɗa mana tun kafin ku fara, mu tsara inda za ku ci gaba da karɓa.

Mai juna biyu ta zo da wuri. A yi wa jariri rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.