Daga ƙaguwar Mandara zuwa bugun ƙasa: abin da ke kai majinyata wurin masu duba a yankin Mubi

Garin Mubi da ke arewacin Jihar Adamawa yana zaune ne a gindin duwatsun Mandara, daf da iyakar Najeriya da Kamaru. Kasuwar shanunsa ta haɗa Gude da Fali da Njanyi da Kamwe da Margi da Kilba da Fulani da Hausawa, kuma kowace al'umma ta zo da nata ilimin magani. A irin wannan wuri, iyalin da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gidansu sukan bi hanya fiye da ɗaya: asibiti da safe, gidan malami ko fasto da yamma, wani lokaci kuma a ratsa ta wurin mai duba ba tare da maƙwabta sun sani ba.

Dalilin haka ba rashin sanin amfanin asibiti ba ne kaɗai. Majinyaci yana ɗauke da tambayoyi biyu. Ta farko, wace cuta ce wannan, kuma mene ne maganinta? Ta biyu, me ya sa ta faɗo a kaina, kuma a wannan lokaci? Likita yana amsa ta farko. Ta biyun ce ta riƙe sana'ar duba da rai tsawon ƙarnuka, a Mandara da ƙasar Hausa, har da ƙasashen mabiya addinin Buda a nahiyar Asiya.

Yadda ake tambayar ƙaguwa

Shahararriyar hanyar duba a wannan yanki ita ce ta al'ummar Kamwe, waɗanda ake kuma kira Higi a ƙasar Michika da ke arewa da Mubi, a tsallaken iyaka kuwa a ce da su Kapsiki. Masanin al'adu ɗan ƙasar Holan, Walter van Beek, wanda ya fara bincike a cikinsu tun farkon shekarun 1970, ya bayyana tsarin dalla-dalla a rubuce-rubucensa.

Mai duba yakan zuba yashi a cikin babban kasko ya jiƙa shi da ruwa. Daga nan sai ya kakkafa tsinkaye a gefe, kowanne yana wakiltar wani mutum ko gida ko wuri da tambayar ta shafa, ya kuma jera gutsattsarin ƙwarya masu alamomi daban-daban. Zai ɗauko ƙaguwar rafi mai rai ya faɗa mata abin da ake son sani, ya saka ta a ciki ya rufe. Bayan ɗan lokaci sai a buɗe a duba abin da ta ture da inda ta kai shi. Daga wannan sauyi ake karanta amsa. Idan amsar ba ta fito sarai ba, sai a sake tambaya da wasu kalmomi, har a kai ga abin da mai tambaya zai iya aiki da shi.

Wannan aiki galibi na maƙera ne. A tsakanin Kamwe, maƙera rukuni ne na daban masu aure a junansu, kuma ban da ƙira su ne ke binne mamata, su yi kiɗan bukukuwa, su ba da magani. Saboda haka mai duban mutum ne da ya san kowane gida, ya san wanda ya rasu da wanda ke bin wani bashin sadaki da 'yan uwan da suka daina gaisawa. Abin da ƙaguwa ta ture, shi ne ke fassara shi, kuma fassarar takan kai ga wata alaƙa da ta lalace wadda ake buƙatar gyarawa. A garin Rumsiki na Kamaru wannan duba ya zama abin kallon masu yawon buɗe ido, amma asalinsa zaman warware damuwar gida ne. Can kudu a tsaunin Mambila na Jihar Taraba ma akwai makamancinsa, inda ake amfani da gizo-gizo mai zama a rami da yankakkun ganyaye masu alamomi.

Ƙasa da hatimi da iskoki

Hausawa da Fulanin da suka zauna a Mubi sun zo da nasu hanyoyin. Bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira ilimin ramli, yana tafiya ne bisa lissafi. Mai duba yakan ɗiga layuka a kan yashi ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya soke ɗigon biyu-biyu ya ga ko ɗaya zai rage ko biyu. Layi huɗu ke ba da siffa guda, siffofin kuma 16 ne, kowace da sunanta da abin da take nunawa. Akwai kuma hisabi da hatimi, inda ake mayar da haruffan suna lambobi a jera su a gidajen zane. Wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, ya yi rubutu a kan waɗannan zane-zane na lambobi, har yau kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Bori ya bi wata hanya dabam. A fahimtarsa, wasu cututtuka aikin iskoki ne irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna, waɗanda aka ce mazauninsu birnin Jangare. Maganin shi ne girka, wato a sulhunta majinyaci da iskar da ta kama shi ta hanyar kiɗan garaya ko goge da turare da keɓewa na kwanaki. Wannan fahimta ta bar sawunta a harshe: sunan da Bahaushe ya ba cutar foliyo, shan inna, ya samo asali ne daga imanin cewa Inna ce ke shanye ƙafar yaro.

Malamai sun hana, jama'a ba su daina ba

Manyan addinan yankin biyu sun yi tir da duba. A Musulunci akwai hadisi a Sahihu Muslim da ke gargaɗin cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana 40, kuma an ba Musulmi istihara a matsayin hanyar neman zaɓin Allah. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa a littafinsa Nurul Albabi. A ɓangaren Kirista, babi na 18 na Littafin Maimaitawar Shari'a ya hana duba da sihiri, kuma wannan ne matsayin ikilisiyoyin yankin, ciki har da EYN mai hedikwata a Kwarhi kusa da Mubi.

Wannan tazara tsakanin abin da littafi ya ce da abin da mutane ke yi ba a Najeriya kaɗai take ba. A cikin tsofaffin nassosin addinin Buda akwai wata huɗuba mai suna Brahmajala, inda aka lissafa duban tafin hannu da fassarar mafarki da karanta alamomi a cikin ƙasƙantattun sana'o'in da bai dace mai zuhudu ya ci abinci da su ba. Duk da haka, a Tibet malaman addinin suna yin wani duba mai suna Mo da 'ya'yan ƙuri'a ko carbi. Gwamnatin Dalai Lama ma tana da mai hawan iska na hukuma, wanda ake kira Necung, tun ƙarni na 17. Yakan sa kaya masu nauyi ya fita hayyacinsa ya yi magana, kuma Dalai Lama na yanzu ya bayyana cewa ya nemi shawararsa kafin ya bar birnin Lasa zuwa Indiya a watan Maris na 1959. Duk wanda ya taɓa ganin hawan bori zai gane siffar.

A fannin warkarwa ma akwai kama. Likitancin gargajiya na Tibet, Sowa Rigpa, ya ginu ne a kan cewa lafiya daidaito ce tsakanin abubuwa uku a jiki: iska da ruwan maɗaciya da majina. Idan iskar, wadda suke kira lung, ta rikice, sai a ga rashin barci da faɗuwar gaba da yawan tunani. Bambancin shi ne, su a wurinsu iska ƙarfi ce da ke zagaya cikin jiki, a wurin ɗan bori kuwa halitta ce da ke zuwa daga waje. A Siri Lanka da Tailan, malaman Buda sukan yi karatun kariya suna riƙe da zare da aka haɗa da tukunyar ruwa, daga baya a sha ruwan ko a yayyafa, a ɗaura zaren a wuyan hannu. Mutumin Mubi da ya san tofi da rubutun sha ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Abin da gwaji ya nuna

A zamanin nan an sake yi wa wannan tunani sabuwar riga da sunan warkarwa da ƙarfin jiki na ɓoye. Fitacce a ciki shi ne Reiki, wanda wani Bajapane, Mikao Usui, ya fara koyarwa a 1922, inda mai magani ke ɗora hannu ko ya kusanto da shi ga majinyaci. Har yanzu babu wata na'ura ko gwaji da ya tabbatar da samuwar wannan ƙarfi. A 1998 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani gwaji da wata yarinya 'yar makaranta, Emily Rosa, ta tsara: aka sa masu warkarwa da hannu su 21 su faɗi wane hannunsu ne ke kusa da nata ba tare da sun gani ba. Sun dace a kashi 44 cikin 100 kacal, wato ko cankar da ka ba su kai ba.

Wannan ba ya nufin majinyaci ƙarya yake yi idan ya ce ya ji sauƙi. Wanda aka zaunar aka saurare shi, aka tara masa dangi, aka ba damuwarsa suna, hankalinsa yakan kwanta, barci ya dawo, raɗaɗi ya ragu. Sai dai kwanciyar hankali ba ta kashe ƙwayar cuta. Foliyo bai gushe da girka ba. Allurar rigakafi ce ta kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020.

Inda hatsarin yake

Illa ta farko ita ce jinkiri. Jijjigar yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da jijjigar mai juna biyu, duk suna kama da abin da ake kira bugun iska, kuma dukkansu suna iya kisa cikin sa'o'i. Farfaɗiya ma haka ake yi mata fassara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan sun sami maganin da ya dace.

Illa ta biyu ta fi muni, ita ce lokacin da duba ya ambaci sunan mutum. Da zarar an ce wance ce ta kama kurwar yaro, magana ta tashi daga jinya ta koma zargin maita, kuma waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne tsofaffin mata da zawarawa da marayu da masu taɓin hankali, wato marasa mai tsaya musu. Dokokin hukunta laifuka na Najeriya, na Arewa da na Kudu, duk sun haramta zargin mutum da maita da kuma tilasta masa shan wani abu ko rantsuwar gwaji don gano laifi. Illa ta uku ita ce ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da mari da duka da sunan fitar da aljani. Dokar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan majinyata.

Hanyar da aka gwada ta yi aiki

Tarihin Najeriya ya nuna cewa jawo masu maganin gargajiya a jiki ya fi korar su amfani. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama da danginsu a gidajen ƙauye suna karɓar maganin asibiti, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, inda aka haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addu'a wajen kula da majinyata 307. Waɗanda suka sami wannan kulawa ta haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi bayan wata shida.

Mubi na da buƙatar irin wannan tsari fiye da wurare da yawa. Garin ya faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen watan Oktoban 2014 kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba, ya kuma ga tashin bama-bamai a masallatai a 2017 da 2018. Mutanen da suka tsere ta kan duwatsu, da waɗanda suka binne 'yan uwa, da yawansu na fama da razana da mugun mafarki da rashin barci, alamomin da gida ke saurin kira iska ko sammu. Mutum na farko da irin wannan iyali ke tunkara sau da yawa shi ne malamin unguwa ko fasto ko boka.

Idan wannan mutum na farko ya san alamomin da ba sa jira, kamar jijjiga da sandarewar wuya da fita hayyaci da zubar jini, ya kuma san lambar ma'aikacin lafiya mafi kusa, rayuka za su tsira. Idan sarakuna da masu unguwanni suka tsaya a kan cewa babu wanda za a kira maye a gaban jama'a, gidaje za su zauna lafiya. Likita kuma, idan ya ƙara minti biyar ya saurari abin da iyali ke tsoro kafin ya rubuta magani, ya rage musu dalili guda na zuwa neman amsa a cikin yashi.