Gwajin Hasashe: Daga Aji Zuwa Gonar Masara

Ɗaliban ƙididdiga a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'adua sukan sha wuya da darasin gwajin hasashe, alhali tambayarsa tana nan a gonakin Mabai da Faskari da Sabuwa: sabon irin masara na cibiyar binciken noma ta Samaru ya fi tsohon iri albarka, ko dace aka yi?

Da farko ana ɗauka babu bambanci. Sai a shuka irin biyu a filaye da yawa, ƙuri'a ta raba musu filayen, a auna amfanin, sannan a lissafa: in da gaske ɗaya suke, sau nawa dace kaɗai zai kawo tazara mai girman wadda aka gani? In bai kai sau 5 cikin 100 ba, a watsar da zaton farko. Ronald Fisher ne ya yaɗa wannan ma'auni a littafinsa na 1925, yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne, da lissafi ya haura sau 5 cikin 100, sai su rubuta cewa irin biyu ɗaya ne. Wannan babban kuskure ne. Hujja ce ba ta isa ba, wataƙila filayen gwajin sun yi kaɗan.