Edhi na Karaci: Yadda Kuɗin Talakawa Ya Gina wa Marasa Galihu Matsuguni

A birnin Karaci na ƙasar Pakistan, idan mota ta kaɗe mutum, ko aka tsinci tsoho yashe a bakin titi babu mai shi, ko aka wayi gari da gawar baƙo a ƙarƙashin gada, lambar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce 115. Lambar ta wata gidauniya ce mai suna Edhi, wadda ke da motocin ɗaukar marasa lafiya kimanin 1,800 a faɗin ƙasar, har kundin Guinness ya taɓa sanya ta a matsayin ƙungiyar sa-kai mafi yawan irin waɗannan motoci a duniya. Wanda ya kafa ta, Abdul Sattar Edhi, bai yi nisa a makaranta ba, kuma tufafinsa kala biyu ne har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ni ma'aji ne a wani ɗan kwamitin tallafa wa marayu na unguwarmu, don haka duk inda na ji labarin aikin taimako, tambayata ba ta wuce biyu: daga ina kuɗin ke fitowa, kuma me ya hana masu bayarwa gajiya? Mu masu yawo da littafin rasit mun san yadda hannu ke sakewa a watan azumi, ya kuma damƙe da zarar an sauko daga idi. Shi kuwa Edhi shekara 65 ya yi yana karɓa daga hannun jama'a, kuma aikin kullum gaba yake yi.

Birnin da baƙi suka cika

An haifi Edhi a 1928 a garin Bantva na yankin Gujarat, cikin Indiya ta yau. Yana ɗan shekara 11 mahaifiyarsa ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, shi ya riƙa yi mata wanka da sauya tufafi da ba ta abinci har ta rasu yana da shekara 19. Ya sha ba da labarin cewa tun yana ƙarami takan ba shi tsaba biyu idan zai fita, ɗaya ya kashe, ɗaya ya nemi mabuƙaci ya ba shi.

A 1947 aka raba Indiya da Pakistan. Miliyoyin Musulmi suka yi ƙaura, danginsa na ciki, suka sauka a Karaci, wadda ita ce babban birnin sabuwar ƙasar a lokacin. Kafin rabuwar mutanen birnin ba su kai rabin miliyan ba, amma zuwa 1951 sun haura miliyan ɗaya. Babu gidajen da za su ɗauki wannan taro, sai mutane suka kakkafa bukkoki a filaye da bakin kwalbatoci. Yau Karaci na da mutum kusan miliyan 20, kuma har yanzu ɗimbin jama'arta na zaune a unguwannin da aka gina ba bisa tsari ba, irin su Orangi.

Edhi ya fara da talla, ya koma dillancin yadi. Ya shiga wata ƙungiyar taimako ta al'ummarsa ta Memon, amma zaman bai yi tsawo ba, domin ya ga 'yan uwansu kawai ake fifitawa. A 1951 ya buɗe nasa ɗan ɗakin shan magani kyauta a tsohuwar unguwar Mithadar. Da dare a kan dakalin ƙofar yake kwana, saboda duk wanda ciwo ya taso wa ya same shi.

Annobar mura ta 1957 ce ta fito da shi idon duniya. Ya kakkafa tantuna, ya roƙi ɗaliban likitanci su duba mutane kyauta, shi kuma ya tsaya a titi yana neman gudummawa. Da abin da aka tara ya sayi wata tsohuwar mota, ya mayar da ita ta ɗaukar marasa lafiya, shi ne direba, shi ne mai ɗauka.

Aikin da kowa ke gudu

Abin da ya fi kama ni a tarihin mutumin nan shi ne irin aikin da ya zaɓa. Ya tafi inda sauran masu taimako ke toshe hanci. Gawar da ta kwana biyu a ruwa ko a juji, wadda ko dangi ba su iya matsowa kusa da ita, shi yake ɗaukowa, ya yi mata wanka da hannunsa, ya sa mata likkafani. Gidauniyar na da babban ɗakin ajiye gawa a Sohrab Goth, da maƙabarta a Mowach Goth inda ake binne waɗanda ba a san danginsu ba. Kafin a binne mutum sai an ɗauki hotonsa, a ba kabarinsa lamba, domin ko bayan shekaru wani ya zo cigiya a iya nuna masa inda ɗan uwansa yake kwance.

A watan Yunin 2015, cikin azumi, zafi ya tsananta a Karaci har ya kashe sama da mutum 1,000 cikin 'yan kwanaki. Da yawansu tsofaffi ne da leburori da masu kwana a titi. Ɗakin ajiye gawar Edhi ya cika ya batse, ma'aikatansa suka yi ta jigila da sutura ba dare ba rana.

Masu rai kuma an gina masu gidaje. A gidajen da gidauniyar ke kira Apna Ghar, da kuma babban matsugunin Edhi Village da ke wajen gari, ana ajiye marayu, da yaran da suka ɓata ko suka gudo daga gida, da masu taɓin hankali, da 'yan ƙwaya, da tsofaffin da 'ya'yansu suka juya wa baya. Akwai gidajen matan da suka tsere wa duka. Ana ba mutum wurin kwana da abinci da magani, sannan a shiga neman danginsa. Idan an same su kuma komawar za ta yiwu, a mayar da shi. Akwai kuma wuraren dafa abinci inda duk mai jin yunwa zai zauna ya ci ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba.

Gadon jariri a bakin ƙofa

A nan dole a ambaci matarsa, Bilkis, ma'aikaciyar jinya da ya aura a 1966. Ita ta riƙe ɓangaren mata da jarirai. Ganin yadda ake tsintar gawarwakin jinjirai a bola, sai suka ajiye ɗan gadon lilo na ƙarfe a ƙofar cibiyoyinsu, da rubutu a kai mai roƙon kada a kashe jariri, a ajiye shi a nan. Babu mai tambayar wanda ya ajiye, babu mai bin sawunsa. Akasarin jariran da ake samu mata ne. Bilkis da kanta take tantance ma'auratan da ke son ɗaukar reno, kuma ta wannan hanya dubban yara suka sami iyaye. 'Yan matan da suka girma a hannunta, wasu ta koya masu aikin jinya, wasu ta aurar da su.

Wannan gado ya jawo masu suka daga wasu malamai, waɗanda suka ce ƙofa ce aka buɗe wa alfasha. Ni dai a ganina, jaririn da ke cikin gadon bai yi laifin komai ba, kuma wanda ya ɗauke shi ya ceci rai. An kuma sha zargin Edhi kan ɗaukar waɗanda ba Musulmi ba a motocinsa, bai fasa ba. Wata yarinya kurma 'yar Indiya da ta ɓata ta faɗa Pakistan ta girma a hannun Bilkis, wadda ta raɗa mata suna Gita, ta kuma bar ta tana ibadarta ta addinin Hindu har aka mayar da ita ƙasarta a watan Oktoban 2015.

Inda kuɗin ke fitowa

Ga amsar tambayata ta ma'aji. Edhi ya ƙi karɓar kuɗin gwamnati. Ko da Firaministan Indiya Narendra Modi ya ba da sanarwar kyautar rupi miliyan 10 saboda riƙon Gita, godiya ya yi ya ce a bar shi. Asusun ya dogara ne a kan zakka da sadaka da fatun layya, da ɗan abin da ɗan dako da direba da mai shago ke jefawa. Har ya tsufa yakan zauna a gefen titi da ƙoƙon bara, masu wucewa su tsaya su zuba.

Me ya sa suke zubawa? Gani ya kori ji. Wanda ya ba da sisinsa yau, gobe zai ga motar a unguwarsu ta ɗauki maƙwabcinsa. Sannan a lokacin rayuwarsa kowa ya san inda Edhi ke kwana: wani ɗaki marar taga a jikin ofishinsa na Mithadar. Bai taɓa karɓar albashi daga gidauniyar ba. Yardar ta kai ga mutane suna kai masa ajiyar kuɗi da zinare, abin da duniya ta ƙara sani a watan Oktoban 2014, lokacin da 'yan fashi suka shiga ofishin suka kwashe dukiya mai yawa, wadda cikinta akwai amanar jama'a. Da ciwon ƙoda ya kama shi aka yi masa tayin fita waje neman magani, ya ce a asibitin ƙasarsa za a duba shi.

Ya rasu ranar 8 ga Yulin 2016 yana da shekara 88. Gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa a babban filin wasa na Karaci, aka binne shi a Edhi Village cikin kabarin da ya tanada tun da daɗewa. Ya bar wasiyyar a ba da idanunsa, aka kuwa yi wa makafi biyu dashe da su. Bilkis ta bi shi a watan Afrilun 2022. Ɗansu Faisal ke jan ragamar aikin yanzu.

Abin da bai iya ba

Kada yabo ya rufe mana ido. Talauci bai ƙare a Karaci ba, kuma har gobe akwai masu kwana a titi. Yawancin motocin Edhi ƙanana ne, aikinsu su kai mutum asibiti, ba su da kayan ceton rai irin na zamani. Gidajen kan cika fiye da kima. Gidauniya, komai girmanta, ba za ta samar wa birni mai mutum miliyan 20 gidaje da aikin yi da ruwan sha ba. Wannan nauyi yana wuyan hukuma. Bayan rasuwar tsohon, Faisal ya fito fili ya ce gudummawa ta ragu. Wannan ya nuna haɗarin rataya yardar jama'a a wuyan mutum ɗaya. Abin da ya rage zafin shi ne an sami masu bin sawu, irin su gidauniyar Saylani mai ciyar da dubban mutane kullum, da ta Chhipa mai nata motocin.

Mu ma muna da duk kayan da Edhi ya yi gini da su. Muna fidda zakka, ƙungiyoyin addini na tara fatun layya, muna da 'yan agaji masu tsayuwa a rana ba a biya su ko kwabo ba. Muna kuma da masu kwana a tasha da barandar shaguna, da masu taɓin hankali da ke yawo babu mai cigiyarsu. Abin da ke karya ƙananan kwamitoci irin namu shi ne aikin kaka, wanda ake yi wata ɗaya a huta wata goma sha ɗaya, da littafin kuɗin da ba a buɗe wa kowa, da tambayar ɗan waye kafin a taimaka.

Don haka kirana ga duk mai riƙe da asusun jama'a: ku zaɓi aiki ɗaya da unguwa za ta gani da idonta, ko da suturar gawar baƙo ce ko ɗakin kwana ɗaya na gajiyayyu, ku yi shi shekara zagaye. Ku karanta lissafi a bainar jama'a, ku koya wa matasa riƙon littafin tun kuna da ƙarfi. Kai kuma mai bayarwa, ka tambayi inda kuɗinka ya tafi, kuma idan an nuna maka, kada ka jira azumi kafin ka sake miƙa hannu.