Wa Ake Tambaya Kafin A Haƙa Harsashi?

 Yau batun muhalli za mu taɓo, wato gidajen da za a zauna cikinsu nan da shekara ashirin ko talatin, da kuma waɗanda ya kamata a ji ta bakinsu kafin magini ya haƙa harsashi.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. A Najeriya ma fiye da rabin jama'a ba su cika 20 ba. Ke nan yawancin gidajen da ake zanawa yau, waɗannan yaran ne za su yi aure a cikinsu, su haifi nasu 'ya'yan. Amma in an kira taro a kan sabon rukunin gidaje, wa ake gani a kan kujerun gaba? Hakimi, dagaci, mai unguwa, liman da 'yan kwangila. Matasa aikinsu jera kujeru da raba ruwa. Mata kuwa sai dai su ji labari a bakin maigida da dare. Sau da yawa ma an riga an gama zane, taron na ɗaukar hoto ne kawai.

Mun ga abin da hakan ke haifarwa. A jamhuriya ta biyu, daga 1979 zuwa 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara domin masu ƙaramin ƙarfi. Niyya ce mai kyau, har yau kuma akwai unguwannin da ke amsa sunansa. Sai dai zane kusan iri ɗaya aka kai ko'ina, daga bakin teku har bakin sahara, kuma a jihohi da dama an kai gidajen can bayan gari, nesa da kasuwa da makaranta da wurin neman abinci. Wasu sun daɗe babu kowa a ciki. Inda aka shiga kuma, abu na farko da mai gida ya yi shi ne ya kira birkila a zagaye da katanga, a fitar da zaure, a ƙara ɗaki a baya. Abin da ba a tambaye shi ba tun farko, ya gyara da kuɗin aljihunsa.

To, bari mu leƙa Ngarannam, a ƙaramar hukumar Mafa ta jihar Borno. A 2015 'yan Boko Haram suka tarwatsa garin, mutanensa suka shafe shekaru a sansanonin gudun hijira. Da gwamnatin Borno da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tashi sake gina shi, sai aka ba wata mai zanen gine-gine daga Legas, Tosin Oshinowo, aikin zane. Ba 'yar yankin ba ce, shi ya sa ta je ta zauna da mutanen, ta ji yadda suke rayuwa kafin masifa ta auka musu. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne, kowane gida an yi masa zaure. Wanda bai tashi a arewa ba zai ɗauka ɓarnar bulo ce. Mu kuwa mun san a nan baƙo namiji ke tsayawa ya yi sallama, a nan maigida ke karɓar abokansa, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, kuma shi ne ke ba matan gida damar sakewa a tsakar gida ba tare da idon mai wucewa ba. A watan Oktoba na 2022 aka buɗe garin, da makarantar firamare da kasuwa.

Daga nan sai mu tsallaka Nijar. A Yamai akwai wasu gidaje shida da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016. Mariam Issoufou Kamara, 'yar ƙasar, ita da abokan aikinta suka zana su. Benaye ne, an matse su a fili ɗan kaɗan, amma kowanne da tsakar gidansa da inuwarsa. Da bulon ƙasa aka gina su. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti ɗan kaɗan, a yayyafa ruwa, sai a danna ta a cikin injin matsa bulo, a jera a rufe har ta yi ƙwari, ba a gasa ta a wuta. Bango irin wannan yana shanye zafin rana a hankali, don haka ɗaki ba ya zama tanda da azahar kamar yadda bulon siminti da rufin kwano ke yi a watan Afrilu.

Ita Mariam ɗin ce kuma, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka yi wani aiki a garin Dandaji a jihar Tawa. Tsohon masallacin garin na ƙasa ne, daga hannun Falke Barmu, maginin nan da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Jama'a sun yi yawa, masallaci ya yi kaɗan, har ana maganar a rushe shi. Maimakon haka sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa, aka gama a 2018. Maginan gargajiya da mutanen garin ne suka yi aikin, tsofaffin hannu suna nuna nasu sanin, su ma suna koyon sabon salo.

Sai dai kada mai sauraro ya ɗauka da an tara matasa za su ce a ba su ginin ƙasa. Galibi ba haka za su ce ba. Saurayin da ya tashi yana taya mahaifinsa yaɓe duk shekara kafin damina, ya ga soro ya rufta wa maƙwabci bayan ruwan kwana biyu, shi a wurinsa ƙasa talauci ce. Siminti yake so, da tayil, da kwano mai kala. Kuma yana da hujja. Ba da wa'azi za a sauya masa ra'ayi ba, sai an shigar da shi ɗakin da aka gina da bulon ƙasa na zamani da tsakar rana, an nuna masa kuɗin da aka kashe a rubuce. In har bayan haka ya ce a'a, to a'a ɗin ma amsa ce, dole a saurara.

Ga kuma abin da dattawa kan manta da shi a wurin taro. Damuwar matashi ita ce ɗakin da zai sa amarya. Gidan gado an rarraba shi har tsakar gida ta ƙare. Kuɗin hayar ciki da falo ya fi ƙarfinsa, mai gidan haya kuma yana gudun gwauro. Ƙarshenta sai ya tara abin da ya samu ya sayi rabin fuloti a awon igiya, inda dillali ya yanka fili bai bar hanyar mota ba, bai bar wurin makaranta ba, balle magudanar ruwa. Ruwan Agusta na sauka, lungu ya zama kogi, kwata ta shigo har ƙarƙashin gado. Budurwar da za ta zauna a gidan ita ma tana da nata bayani: ina za a girka abinci hayaƙi bai cika ɗaki ba, ina rijiya ko famfo, ina za ta ajiye keken ɗinki ko ta soya ƙosan sayarwa, shin lungun da yara za su bi zuwa Islamiyya da magariba akwai haske? Injiniyan da ke ofis ba zai san waɗannan ba sai an gaya masa.

Don haka kiranmu ga hukumomin tsara birane da 'yan majalisa da masu unguwanni shi ne, a kira taro tun takarda tana fara, a yi na matasa daban, na mata daban, cikin harshen da suke ji. Ku kuma ƙungiyoyin samari da kuka saba yashe kwata da aikin gayya, in kun ga ana kafa turaku a filin bayan unguwarku, ku je ofishin ƙaramar hukuma ku nemi a nuna muku taswira, ku tambayi inda aka ware wa makaranta da hanyar ruwa.