Kalmar "daunt": daga horon doki zuwa karayar zuciya

A harshen Ingilishi akwai wata kalma, "daunt", wadda ake faɗi idan abu ya karya wa mutum zuciya tun bai taɓa shi ba. Ba tsoron kura ba ne, ba kuma na maciji ba. Irin shakkar nan ce da kan kama talaka in ya tsaya ƙofar babban ma'aikaci da takarda a hannu, ko dattijon da aka miƙa wa alli ranar farko a ajin yaƙi da jahilci. Wanda abin ya kama akan ce da shi "daunted", wanda ko gezau bai yi ba kuwa "undaunted".

Kalmar dai ba haifaffiyar Ingila ba ce. A shekarar 1066 Giyom, mai mulkin Normandi ta arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na alƙalai, Ingilishi kuwa ya saura a bakin talakawa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Cikin wannan zamani ne, wajen shekarar 1300, kalmar tsohon Faransanci "danter" ta shiga Ingilishi. Ita ce "dompter" ta yau, wadda ƴan lakwal suka sani, watau horar da dabba. Harafin "p" daga baya marubutan Faransa suka cusa shi, shi ya sa babu shi a ta Ingilishi. Tushensu duka kalmar Latin ce, "domitare".

Da farko ma'anarta a Ingila ita ce rinjaya ko ladabtarwa. To, duk wanda ya ga yadda ake horon doki zai gane inda ma'anar ta juya. Ba a raunata dokin, ba a rage masa ƙarfi. Linzami ake sa masa yau da gobe, har ya daina tutsu don kansa, ƙarfinsa na nan amma ya bar gwada shi. Faransawa sun riƙe kalmar wajen aikin mai horo. Mutanen Ingila kuwa suka mai da ita kan abin da ke faruwa a zuciyar wanda aka hora, kuma a nan sun fi zurfafa tunani.

Masu son ƙwallo ma suna faɗin wannan tushe ba tare da sun lura ba. Ƴan wasan Kamaru ana yi musu kirari da "Lions indomptables", zakunan da ba su horuwa. A gasar kofin duniya ta 1990 sun doke Ajantina a wasan farko, suka kai zagayen ƙasashe takwas, inda Ingila ta fitar da su da ƙyar, da ci 3 da 2.