Masu Ɗaure Magana: Sana'ar Kiɗan Fada a Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya taɓa zama da biro a gaban shafin cike gurbin kalmomi na jarida ya san daɗin gano kalma. An ba ka ishara, an ƙidaya maka gidajen haruffa, sai ka yi ta juya zance a ranka har kalmar ta faɗo. Wasan ya fara fitowa ne a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, daga hannun Arthur Wynne, haifaffen Ingila. Tun kafin wannan lokaci, a fadojin Zamfara akwai mutanen da abincinsu ke nan: su ɗaure magana, jama'a su kwance. Su ne makaɗan fada, masu kotso.

Wannan yanki ya yi fice da su. A ƙasar Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗankwairo, ya tashi a Maradun a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja ragamar kansa. Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa sarakuna da dama, har ya rasu a 1991. Daga garin Faru na ƙasar Maradun kuma Sa'idu Faru ya fito, wanda ake kira Malamin Waƙa, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya taɓa riƙe ƙasar Talata Mafara, daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

Kayan aikin iri biyu ne. Na farko shi ne kotson kansa. Masassaƙi ke fafe kangonsa daga itace mai ƙwari, a rufe baki ɗaya da fata, a bar ɗayan a buɗe, a ɗaure da tsarkiya. A tsakiyar fatar ake manna nake domin sautin ya yi zurfi. Da hannu ake buga shi, yana rataye a kafaɗa. Fata kan saki da damina, ta kan tsage in ta sha bugu, don haka gyara ba ya yankewa.

Na biyu, wanda ya fi tsada, shi ne kalma. Ba a sayen ta a kasuwa, amma a kasuwa ake tsintar ta. Makaɗi mutum ne mai kasa kunne: a gindin masu awo, a bakin rijiya, a zauren tsofaffi, a majalisar malamai. Karin magana, kirarin dabbobi, sunayen itatuwa da gulabe, kalmomin Larabci da na Fulatanci da suka zauna cikin Hausa, duk yana tarawa. Kafin ya yi wa basarake waƙa sai ya bi dattawan fada ya ji salsalar gidan: wa ya haifi wa, wa ya kafa garin, wane yaƙi kakanni suka yi, wa ke neman gadon sarautar a ɓoye. Kuskure ɗaya a jerin kakanni ya isa ya zubar da mutuncin makaɗi.

Daga nan sai ɗinki. Jagora kan tara 'yan amshinsa, sau da yawa da dare bayan gari ya yi shiru. Gindin waƙa ake fara nema, wato layin da za a riƙa komawa kansa. In ya zauna daidai da kiɗa, sai a shiga ƙulla ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya. Jagora ya jefo magana, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, a maimaita har ta zauna a kai, domin ba takarda ba alƙalami. A nan gwaninta take. Karin kiɗan ya riga ya yanke tsawon gurbin, kamar yadda gidajen shafin cike gurbi ke yanke adadin haruffa. Kalma ta yi tsawo da gaɓa ɗaya, sai a jefar da ita a nemo 'yar'uwarta mai ma'ana ɗaya. Wata rana ɗa guda kan cinye dare.

Yabo ba a cika faɗinsa tsirara ba. In an kira sarki gwauron giwa, ana nufin namijin giwar da ya keɓe daga garke, wanda ba mai tarar gabansa. In an ce gamji, ana nufin babban itace mai faɗin ganye da kowa ke shan inuwarsa. Zambo da habaici kuwa sun fi ɗaurewa tamau. Ba a kama suna. Sai a kawo kura, ko biri, ko mujiya, a haɗa da irin tafiyar mutum, ko yadda yake naɗa rawani, ko wani abin da ya faru a bikin bara.

Ranar Sallah, a ƙofar fada, ake baje hajar. Sarki na zaune, hakimai da 'ya'yan sarki sun jeru. Jagora ya saki ɗan zambo, sai ka ga wani dattijon bafade ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya taɓa na kusa da shi da gwiwar hannu. Shi ya riga ya kwance. Matasa kuwa sai bayan an watse su bi shi suna tambaya. Wanda aka yi dominsa ba ya iya tankawa, don in ya tanka ya amsa sunansa. Gari kan kwana bakwai yana warwarar ɗa ɗaya.

Ladan aikin kyauta ce, ba ciniki. Sanƙira ke shelanta abin da aka bayar: riga, rawani, doki, damman hatsi, kuɗi, a zamanin baya-bayan nan har mota da kujerar Makka. Amma ba na mutum ɗaya ba ne. Jagora zai ɗauki kasonsa, ya raba saura ga 'yan amshi da makaɗa gwargwadon matsayinsu. Daga nasa kason zai ciyar da ayari a hanya, ya biya kuɗin mota, ya gyara kotso, ya tsaya wa yaransa in aure ko suna ya taso.

Wahalar ma ba kaɗan ba ce. Murya jari ce mai dushewa. Arzikin makaɗi a ɗaure yake da na ubangidansa: in ya rasu ko aka tuɓe shi, sai an sake sabon lale. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 hannun sarakuna ya ragu, kyauta ta ragu tare da shi. Waƙoƙin da aka kwana ana ɗinkawa sun bi kaset, yanzu suna yawo a wayoyi, magada ba sa ganin ko sisi. Ga rashin tsaro da ya sa tafiya tsakanin garuruwan Zamfara ta zama abin fargaba, alhali sana'ar ta yawo ce.

Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba: masu kwancewa na ƙarewa. Waƙoƙin cike suke da Zamfarci, inda fada ke zama hwada, tafi ke zama tahi, 'ya'ya ke zama ɗiya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana kalmomi da yawa na wannan nahiya, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi shekaru yana rubuta waƙoƙin da tarihin masu su. Sai dai ƙamus zai gaya maka mece ce mujiya, ba zai gaya maka wa aka kira mujiya ba, ko me ya yi. Wannan yana bakin tsofaffin da suka tsaya a ƙofar fada ranar da aka rera. Wasunsu na nan da rai a Mafara, da Bakura, da Maradun. Wanda ke da waƙar a wayarsa, ya kunna ta a gabansu, ya tsayar a kan kalmar da ta shige masa duhu, ya tambaya.