Injiniyan da ke Sa Ruwa Ya Iso Famfo

Yau zancenmu a kan wata sana'a ce da yawancinmu ba mu taɓa ganin mai yin ta a bakin aiki ba, amma muna cin moriyarta har tsakar gida. Ita ce aikin injiniyan lantarki da na'urorin awo, wanda ake damƙa wa kula da manyan ayyukan raya ƙasa.

Mu fara da ruwa. Kowace 'yar Daura ta san labarin rijiyar Kusugu, inda aka ce da can ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Yanzu kuwa ga madatsar Sabke a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, wadda aka gina don noman rani da ruwan sha. To amma ruwa ba ya hawa tudu da kansa. Sai inji ya turo shi, inji kuma sai da wuta.

Wutar nan daga nesa take. Daga tashoshi irin su Kainji da Shiroro ana turo ta da ƙarfin bolt 330,000, a rage ta zuwa 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita wajen 230 ɗin da ke kunna ƙwan ɗakinki. Injiniyan nan shi ke lissafa kaurin waya da girman taransifomar da injin ruwa ke bukata. In ya rage, waya ta yi zafi ta kama da wuta. In ya wuce kima, an ɓarnatar da kuɗin jama'a.

Su kuma na'urorin awo fa? Uwargida, ke kin fi kowa gane wannan. In kin ɗora miya, kina duba wuta, kina ɗanɗana gishiri, ki sauke kafin ta kama. To inji ba shi da ido, ba shi da harshe. Na'urorin nan su ne idonsa da harshensa. Wata tana auna cikar tanki, da ya cika ta kashe inji. Wata tana jin ƙarfin ruwa a bututu, in ya faɗi a san ya fashe a wani wuri. Wata kuma tana auna kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. In ya yi kaɗan, yara su sha ruwa su kwanta da gudawa. Kun ga ashe lafiyar 'ya'yanmu na rataye da awon wannan bawan Allah.

A wurin gini kuwa, tun da sassafe yana riƙe da zanen aiki. Shi zai tabbatar an shimfiɗa bututun waya kafin magina su zuba kankare, don in aka manta sai an fasa. Shi zai duba kayan da ɗan kwangila ya kawo, ya mayar da na jabu. Kafin ma'aikaci ya taɓa waya, sai an kashe makunni an sa masa kwaɗo, kada wani ya kunna bai sani ba. Ba ya kuma miƙa aiki sai ya gwada kowace waya da kowace na'ura ya sa hannu. Sa hannun nan amana ce.

Irin wannan aiki ya zo mana har gida. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Daura. Fitilun da ke ba jirgi hannu ya tsaya ko ya wuce, aikin waɗannan injiniyoyi ne. A Disambar 2019 kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a nan Daura.

Saboda haka, ran da ɗanki ko 'yarki ta ce wannan fanni take so, kada ki ce "wannan ai aikin hawa falwaya ne". Rabin aikin lissafi ne da zane a kwamfuta, kuma hular kwano tana zama daidai a kan hijabi. Abin da ake bukata shi ne ta riƙe lissafi da kimiyya tun daga sakandare, ta yi shekara 5 a jami'a irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, sannan ta yi rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN. Naki shi ne ki rage mata talla da aike lokacin bitar karatu, ki kuma shawo kan maigida cikin hikima. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.